Katsina zuwa Sakkwato: Tafiyar minti 40 da ke cin kwana biyu

Tsakanin filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na III da ke Sakkwato akwai tazarar kilomita 266 ko kusa da haka, idan aka miƙe yadda tsuntsu yake miƙewa. Lissafin ba mai wuya ba ne, har nakan ba ɗalibaina 'yan aji ɗaya su yi shi a darasin taswira. Biranen biyu kusan a kan layi ɗaya suke kwance, wajen digiri 13 arewa da layin Ikwaita. Abin da ya raba su na gabas da yamma ne, kuma bai cika digiri biyu da rabi ba. A wannan yanki namu kowane digiri daga gabas zuwa yamma yana ɗaukar kimanin kilomita 108, don haka ninkawa ɗaya ta isa a samu amsa. Wanda bai damu da maganar digiri ba, ya tuna da watan azumi: Bakatsine yana kai dabino baki, Basakkwace kuma minti goma kawai zai ƙara ya sha ruwa. Iyakar nisan da Allah Ya sanya tsakanin garuruwan ke nan.

Ƙaramin jirgi mai farfela, irin wanda ke gudun kilomita 500 a awa, zai yanke wannan tazara cikin minti 40 zuwa 45, har da lokacin tashi da na sauka. Sai dai babu wannan jirgi. Filayen biyu suna nan, kowane da titinsa da hasumiyarsa da ma'aikatansa, kowane kuma an yi masa laƙabin na ƙasa da ƙasa, amma babu wani jirgin fasinja da ke tashi daga ɗaya ya sauka a ɗayan.

Wanda ya ce lallai ta sama zai bi, to sai ya fara fuskantar kudu. Daga Katsina zuwa Abuja kimanin kilomita 445 ne, daga Abuja zuwa Sakkwato kuma kusan 490. Jimla ya yi fiye da kilomita 930 domin ya isa wurin da ke kilomita 266 daga inda ya tashi, wato ninki uku da rabi. Wannan ma lissafin takarda ne. Lissafin gaskiya yana farawa ne daga ƙofar gida. Ni mutumin Rawayau ne, a ƙasar Kurfi, kuma ko da yake aiki ya sa mafi yawan kwanakina a yankin Dutsin-Ma nake yin su, daga gida nake auna kowace tafiya. Daga can zuwa filin jirgin Katsina sai ka ware awa guda, sannan ka isa da sauran aƙalla awa guda kafin tashi. Zaman cikin jirgi zuwa Abuja bai wuce awa ɗaya ba, haka ma daga Abuja zuwa Sakkwato. Abin da ke tsakaninsu shi ne matsalar. Sau da yawa kamfanin da ya kawo ka daban, wanda zai ɗauke ka daban, tikiti biyu ne da ba su san juna ba. Sai ka jira jakarka ta fito, ka sake shiga layi. Idan jirgin farko ya makara da awa biyu, abin da ba ya ba kowa mamaki a ƙasar nan, ka tarar na Sakkwato ya tashi, to babu wanda zai biya ka, kuma Abuja ta samu baƙon kwana. Ga kuɗin masauki, ga na motar haya daga filin jirgi zuwa cikin gari da dawowa. Zuwa da komowa tikiti huɗu ne, alhali kowane ɗaya daga cikinsu ya haura mafi ƙarancin albashin ƙasa na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024.

Duk shekara idan aikin Hajji ya zo nakan tuna da wannan lissafi. Daga wannan filin na Katsina ake kwasar maniyyata kai-tsaye zuwa ƙasa mai tsarki, tafiyar da ta kai kilomita 3,500. Tsohuwar da aka raka daga Rawayau, wadda ba ta taɓa wuce Kano ba a rayuwarta, za ta sauka Jidda ko Madina cikin awa biyar zuwa shida. Ɗanta da ya tashi rana ɗaya da ita da nufin zuwa Sakkwato, ko ta sama ko ta ƙasa, yana iya kasancewa a hanya har yanzu lokacin da ta kira waya ta ce sun sauka lafiya.

Ta ƙasa kuwa hanyoyi uku ne, kuma duk direban tasha ya san su kamar tafin hannunsa. Ta farko, wadda ta fi kowace gajarta, ita ce ta Jibiya zuwa Zurmi da Ƙauran Namoda, a faɗa Gusau, sannan Talatar Mafara har Sakkwato. Ita iyayenmu suka sani. Yau ba a shigarta sai da dalili mai ƙarfi, saboda 'yan bindigar da suka mamaye dazuzzukan da ta ratsa. Ta biyu ita ce a gangara kudu ta Malumfashi zuwa Funtuwa, a juya ta Tsafe da Gusau, tafiyar da ta kusa ninka tazarar sama sau biyu, ita ma kuma tana da wuraren da hira ke ɗaukewa a cikin mota, kowa ya koma salati. Ta uku ita ce ta fi ba ni kunya a matsayina na ɗan ƙasa: a fita Najeriya gaba ɗaya ta Magamar Jibiya, a shiga Maraɗi, a bi kwaltar Nijar zuwa Birnin Ƙwanni, a sake shigowa ta Illela. Mutane da yawa sun zaɓi su yi ta biyan kuɗi a shingaye cikin ƙasar maƙwabta a kan su bi hanyar gida. Da sojoji suka yi juyin mulki a Yamai a ranar 26 ga Yuli, 2023, aka rufe iyaka, ita ma wannan ƙofa ta toshe tsawon watanni. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Sun faɗi gaskiya, amma ba su yi zaton za a wayi gari ana neman hanyar lafiyar a rasa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan kewaye ba sabo ba ne a ƙasarmu. A watan Maris na 1853 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zai je wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ya shiga ayarin Galadiman Sakkwato, amma ba su miƙe yamma ba, domin ana raɗe-raɗin rundunar Gobirawa tana kan hanya. Sai suka karkata kudu, suka biyo ta Kuraye, suka zo nan Kurfi, inda Barth ya tsaya ya bayyana ganuwar garin da ramukan tsaron da aka haƙa kewaye da ita. Daga nan suka nufi Zurmi, suka ƙetare dajin Gundumi a tafiyar awa 26 ba tare da yada zango ba saboda tsoron mahara, suka isa Wurno a farkon Afrilu, kusan mako biyu bayan barinsu Katsina. Duk lokacin da na karanta wannan babi sai in ga kamar direbanmu na tasha ne yake ba da labari: a tambayi waɗanda suka fito, a ji inda aka tare jiya, a sauya hanya, a yi gudu a inda daji ya yi duhu. Shekara 170 da ɗoriya sun wuce, an samu kwalta, an samu mota, an samu filayen jirgi biyu, amma tsoro ne har gobe yake zana wa matafiyi hanya tsakanin Katsina da Sakkwato.

To me ya hana jirgi cike wannan gurbi? Amsar tana da tushe a yadda aka shimfiɗa hanyoyin ƙasar nan tun farko. Mai karatu ya dubi taswirar layin dogo. Ya iso Kano a 1911, reshe ɗaya ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, wani a Nguru a 1930, na Maiduguri ya isa a 1964. Kowane daga cikinsu kudu ya fuskanta, domin an gina su ne su kai gyaɗa da auduga da fata bakin teku. Babu layi ɗaya da aka ja daga gabas zuwa yamma domin Bakatsine ya je wurin Basakkwace, kuma har yau jirgin ƙasa bai taɓa shiga birnin Shehu ba. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, abin maraba ne, sai dai shi ma bai nufi Sakkwato ba.

Abin mamaki, hanyar sama ba haka ta fara ba. Jiragen farko da suka sauka Kano a ranar 1 ga Nuwamba, 1925, guda uku na sojan saman Ingila ƙarƙashin Arthur Coningham, daga Masar suka fito, suka biyo ta Sudan da Chadi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga daga Khartum zuwa Kano ta Maiduguri, kusan a kan sawun da alhazan ƙafa suka daɗe suna bi. Bayan haka, a zamanin Nigeria Airways da aka kafa a 1958, Kano ta kasance mahaɗa ta Arewa, inda ƙananan jirage ƙirar Fokker ke haɗa ta da garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Ba na cikin masu yi wa wannan kamfani kukan da ya wuce kima, domin ɓarna da bashi ne suka kashe shi, ya daina tashi a 2003. Amma yana da wani nauyi a wuyansa da babu wanda ya gada: ya je inda riba ba ta kai ba, saboda nan ma ƙasa ce.

Kamfanonin da suka biyo baya 'yan kasuwa ne, kuma ban ga laifinsu ba idan sun bi inda kuɗi yake. Wasu manya daga cikinsu ma na 'yan Arewa ne: Kabo Air da Azman Air da Rano Air daga Kano, Max Air kuma na Alhaji Ɗahiru Mangal, ɗan Katsina. Ba ƙin gida ne ya hana su ba, lissafi ne. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa sama, kuma kuɗin sauka da na kula da inji ana ƙirga su ne da yawan tashi da sauka, ko tafiyar ta yi tsawo ko ta gajarta. Saboda haka gajeriyar tafiya ita ce mafi tsada a kan kowace kilomita. Ƙari a kan haka, kayan gyara da inshora da hayar jirgi duk da Dala ake biya, fasinja kuwa da Naira yake sayen tikiti. Idan ka ɗora jirgi ƙirar Boeing 737 mai kujeru kusan 140 a kan tafiyar kilomita 266, ka samu fasinja 30, asara ce tun kafin a rufe ƙofa. Abuja kuwa kullum a cike take, domin can ne kasafi yake, can ne ma'aikatu da hukumomi suke, can ake neman kwangila da canjin wurin aiki. Jadawalin jiragenmu hoton tsarin mulkinmu ne: kowace jiha ta san hanyar Abuja, ba ta san hanyar maƙwabciyarta ba.

Asarar da wannan ke jawowa ba ta fitowa a kasafin kowa, shi ya sa ba a ganinta. A aikinmu na jami'a, ɗalibin digiri na biyu ko na uku ba ya kammalawa sai wani malami daga wata jami'a ya zo ya jarraba shi a kan kundinsa. Na ga ɗaliba da ta gama rubutu ta zauna wata bakwai tana jira, domin farfesan da ya fi kowa sanin fanninta a Sakkwato yake, ya haura shekara sittin, iyalinsa sun hana shi hawa hanyar Gusau, kuɗin da aka ware na zuwansa kuma ba zai sayi tikiti huɗu ba. Daga baya ta intanet aka yi zaman, murya tana yankewa, ana maimaita tambaya sau uku. An ba ta shaidarta. Amma hirar bayan jarrabawa, wadda a cikinta ne babban malami ke gane ƙaramin da ya kamata ya riƙe wa hannu, ba a yi ta ba. Sannu a hankali jami'o'in Arewa suna zama tsibirai, kowace tana jarraba kanta da malaman da ke kusa.

Na kuma ga ta fuskar rashin lafiya. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya yi suna a tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, kuma daga jihohi da dama ake tura masa majinyata. Wani yaro daga danginmu a Rawayau ya faɗi a kan babur ya bugu a kai, aka yi masa aiki a can, Allah Ya ba da sa'a. Wahalar ta biyo baya ne, domin likita ya ce a riƙa dawo da shi duk bayan wata uku. Sau biyu mahaifinsa ya kai shi, kowace tafiya da kwana a hanya, domin direba ba ya yarda ya wuce Tsafe idan la'asar ta yi. A karo na uku ya ce ya bar wa Allah. Ban ce jirgin fasinja zai ɗauki wanda ke kwance rai a hannun Allah ba, kuma na san wannan bawan Allah ba zai iya sayen tikiti ba ko da jirgin yana nan. Amma jirgin da zai iya kawo likitan Katsina da safe ya duba majinyata 30 ya koma da yamma, ya hutar da iyalai 30 daga hanyar Tsafe.

A nan ne nake amsa ƙorafin da na san yana bakin mai karatu, domin abokaina a majalisarmu ta Rawayau sun riga sun jefe ni da shi. Sun ce: Malam, mu da muke neman yadda za mu je gona mu dawo lafiya, mu da taki ya gagare mu, kai kana maganar jirgin sama? Suna da gaskiya mai yawa. Idan aka ce in zaɓi ɗaya tsakanin tsaron hanyar Jibiya zuwa Ƙauran Namoda da jirgi, ba zan yi dogon tunani ba, hanya zan zaɓa, domin ita ce ta mai buhun gero da mai akuya. Akwai ma haɗari na gaske: ranar da manya suka samu hanyar tsallake daji ta sama, suna iya mantawa da waɗanda suka bari a ƙasa, kamar yadda muka gani a hanyar Abuja zuwa Kaduna. Sai dai manyan sun riga sun tsallake. Gwamna da minista da babban attajiri jirgin shata suke ɗauka, su yi minti 40 ɗin nan da nake magana a kai. Waɗanda aka bari su ne na tsakiya, likita da malami da injiniya da alƙali da ɗan kasuwa mai matsakaicin jari, mutanen da aikinsu ke komawa kan talaka kai-tsaye. Kuma kuɗin ginin filayen an riga an kashe shi daga aljihun kowa. Dutse da Birnin Kebbi da Bauchi da Gombe da Damaturu duk sun gina nasu, Gusau ma ta bi sahu. Mun sayi tukwane masu tsada, mun jera su a kan murhu, ba mu tanadi abin dafawa ba.

Ba mu kaɗai ne muke da garuruwa masu nisa da fasinja kaɗan ba. A arewacin ƙasar Norwe, inda duwatsu da teku da ƙanƙara suka raba ƙananan garuruwa, gwamnati ce ke tallata hanyoyin da ba su da riba, kamfanoni su yi takara, wanda ya ci a biya shi cikon abin da tikiti bai rufe ba, a kuma ƙayyade masa yawan tashi da iyakar farashi. Da haka kamfanin Widerøe yake bin garuruwa irin su Hammerfest da Vadsø da Kirkenes da jirage masu kujeru 39, yana tsayawa nan da can kamar motar haya. Amurka, uwar 'yan jari-hujja, tana da irin wannan shiri tun 1978 domin ƙananan garuruwanta. Indiya ta ƙaddamar da nata mai suna UDAN a 2016. A tsibiran Orkney na Sukotland har akwai jirgin da ke tashi tsakanin Westray da Papa Westray, tazarar da ba ta kai kilomita uku ba, tafiyar ƙasa da minti biyu, kuma hukumar yankin ce ke tallafa masa, domin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ɗalibai na amfani da shi.

Ba ina kira a kafa sabon kamfanin jirgi na gwamnati ba ne. Mun ga yadda aka kawo jirgi ɗaya Abuja a watan Mayun 2023 da sunan Nigeria Air, aka ɗauki hotuna, ya koma inda ya fito. Abin da nake gani mai yiwuwa ya fi wannan sauƙi da arha. Jihohin Arewa maso Yamma bakwai suna da zauren gwamnoninsu, ga kuma hukumar raya yankin da aka kafa a 2024. Su haɗu da Borno su tallata hanya guda a fili, su ce ga adadin kujerun da za mu saya a kowane tashi, ko an cika ko ba a cika ba, na tsawon shekara uku. Kujerun nan ba kyauta za a raba wa 'yan siyasa ba: asibitocin koyarwa da jami'o'i da kotuna su riƙa cirar su daga kuɗin tafiye-tafiyen da suke kashewa a yanzu ta Abuja, sauran a sayar wa jama'a a farashin da aka ƙayyade. A riƙa buga yawan fasinja da abin da aka biya duk wata, domin tallafin da ba a ganin lissafinsa mun san inda yake ƙarewa. Dole kuma a yi maganar hazo, wanda daga Disamba zuwa Fabrairu yake hana jirage sauka a Arewa kwana da kwanaki. Idan na'urorin da ke jagorantar matuƙi zuwa titi ba sa aiki, fitilun titi kuma ba su da tabbas, jadawalin zai mutu a hunturun farko, mutane su koma tasha.

Hanyar da nake nufi ita ce Sakkwato zuwa Katsina, kilomita 266, Katsina zuwa Kano, kimanin 140, Kano zuwa Maiduguri, kusan 500. Gaba ɗaya kilomita 900 da 'yan kai, wato ba ta ma kai kewayen da mai zuwa Sakkwato daga Katsina yake yi ta Abuja a yau ba. Jirgi ɗaya mai farfela, irin ATR 72 mai kujeru kusan 70 ko wanda bai kai shi ba, idan ya tashi Sakkwato da ƙarfe bakwai na safe, ya tsaya minti 25 a Katsina da Kano, zai sauka Maiduguri kafin sha ɗaya, ya juyo bayan azahar ya kwana inda ya fito tun rana ba ta faɗi ba. Ko sau uku a mako aka fara, Litinin da Laraba da Asabar, ya isa a gane ko fasinjan suna nan.